Dattijo da Kofin Sha'ir

A unguwar Ka'akiyya, can ƙasa mai tsarki, akwai wani gidan abinci mai baƙin katako da dogon kanta, irin na mashayar Ingila, sai dai abin da ake zubawa ruwan sha'ir ne marar sa maye. Nan na hango shi zaune, dattijo mai furfura a gemu, cikin farar jallabiya. Soyayyen kifi da dankali na hucewa a gabansa, shi kuwa idonsa na kan kofin da kumfa ke gangarowa gefensa. Yana miƙa hannu yana janyewa, kamar mai shirin taɓa garwashi.

Mai kawo abinci ya sunkuyo ya ce, "Ya ammi, baffana, halal ne, wallahi."

"Na sani, ɗana," in ji dattijon. "Ƙamshin ne na gane."

Ƙila ya shekara talatin da tuba daga shan giya, ƙila ko 'ya'yansa ba su san wannan labari ba. Ya sa bayan hannu ya ture kofin can ƙarshen tebur, ya ce a taimaka masa da ruwa.