Bim ɗin Bappa

Ni dai wauta ce gadona, ban taɓa musu ba. Jiya ƙamshin jiƙaƙƙen siminti ya buge ni a Jimeta, sai na tuna Bappa, tsohon maginin da ya ɗora mini bene.

Da ya faɗi kuɗin bim na ƙarfe, wato ginshiƙin kwance da zai ɗauki nauyin benen, na kusa suma. Na zaɓi na kankare mai araha. Ya ce, "Ƙarfe aljihunka yake ci, kankare haƙurinka. Sati uku ana ba shi ruwa, ba a taɓa katakon da ya tokare shi."

Kwana shida na gaji. Na lallaɓo da guduma in cire katakon tokarar in sayar, sai ga shi zaune a ƙarƙashin bim ɗin yana tauna goro.

"Bismillah, cire. Ni zai fara dannewa."

Na ajiye guduma.

Shekarar gudun hijira dangi suka cika benen har baranda. Yara na tsalle a sama, ni ina ƙasa ina salati. Bim ɗin ko tsagewa bai yi ba. Allah ya haskaka kabarin Bappa.

A kwanakin hijirar, kafin ya rasu, Bappa ya leƙo, ya ƙwanƙwasa bim ɗin da zobensa, ya tambaye ni: "Alhaji, nawa ne ma aka taya katakon nan?"