Na Je Ɗauko Abdullahi

Zakka zuwa Safana

Ana sallame Asuba na hau bayan babur ɗin Sani maƙwabcina, rungume da sabon bargon jarirai. Wata uku ke nan da matata Hadiza ta haihu bakwaini, aka wuce da su asibiti Katsina. An raɗa masa Abdullahi, amma ban taɓa ɗaukarsa ba, ta gilashi kawai na san shi. Da Hadiza ta bugo waya cewa an fito da shi daga kwalba, ni da zumuɗina na yanke cewa sallama ce. Inna, mahaifiyata, ta tanadi kasko da gawayi da turaren wuta, kada sanyi ya taɓa jikanta.

Safana zuwa Batsari

A-kori-kura na samu, mu da buhunan gyaɗa. A shingen sojoji aka sauke mu, muka wuce da ƙafa. Direba ya dubi bargon.

"Malam, ina mai shi?"

"Da yamma za ka gan shi."

Katsina

Na iso da hantsi. Ga Abdullahi, siririn tiyo a hanci, ƙirji yana lotsawa. Likitar da ke duba shi, a Sudan ta yi karatu, da ta ji ni malamin Islamiyya ne sai ta juya Larabci. Bakwaini, khadij. Huhu, ri'a. Ciwonsa kuwa maradur ri'a al-muzmin: huhun bai gama ƙwari ba aka haife shi, injin da ya taimake shi numfashi kuma ya bar masa tabo. Muzmin ɗin nan ta tsaya mini a rai, don na sha fassara wa ɗalibai ita: abin da ya zo ya daɗe.

"Likita, yaushe za mu gida?"

"Sai ya iya numfashi ba tiyo, Malam. In kun koma kuma ba garwashi, ba turare. Hayaƙi zai dawo da shi nan."

Hadiza ta naɗe shi a bargon ta miƙo mini. Bai fi nauyin allo ba. Wallahi ban so mayarwa ba.

Komawa

A Batsari na sake faɗawa motar safe. Direba ya dubi hannuna.

"Ina bargon?"

"Yana wurin mai shi."

Ya tada mota muka nufi Safana.

Da Magariba na shiga gida, na tarar Inna ta riga ta hura garwashi, ɗaki ya ɗau ƙamshi. Ta leƙa bayana, ba kowa. Na faɗa mata abin da likita ta ce. Ta ɗauki kaskon ta fitar tsakar gida, ta kwara masa ruwa.

"Allah dai ya kawo shi," ta ce. "Bayana ya ishe shi ɗumi."

Na gode wa Allah da ya dawo da ni lafiya, na gode wa Sani da likitar. Ɗakin yana nan a share, muna jira.