Ranar da Na Wanke Motar Yaya

Lungunmu ba ya cin mota. Ko amalanke sai an karkata ta take shiga, don haka duk mai mota a unguwarmu, nan wajen Ƙofar Mazugal, a wani fili na bakin titi yake ajiye ta, ya tako gida da ƙafa. A filin akwai wani dattijo da ya zo daga ƙauye, shi ke gadi, shi ke wanki. Baba kawai muke ce masa. Gadin ba wani abin kirki ake ba shi ba. Da wankin yake ci, da shi yake aika wa iyalinsa ɗan abin cefane.

Baba yana da ƙa'ida kamar alƙali. Ba ya wanki idan rana ta take, wai ruwa yana bushewa ya bar tabo. Ba ya ɗora tsumma a jikin mota sai ya kwarara mata ruwa daga sama datti ya gangara da kansa. Tsummansa uku ne, na jiki, na gilas, na taya, kuma ko da wasa ba ya haɗa su a bokiti ɗaya. Idan ka kawo masa garin sabulu sai ya ce, "Wannan na riga ne da tukunya, Malam, yana cin fenti." Hannunsa a miƙe yake tafiya, daga gaba zuwa baya. Duk Alhamis kuma ya bi motocin da man folish har ka ga fuskarka a jiki. Ni a lokacin haushi abin yake ba ni. Nakan ce, "Haba Baba, mota ce fa, ba jaririya ba!" Sai ya yi murmushi ya ci gaba da abinsa.

A cikin motocin akwai ta yayana, wata baƙa wuluk da ya sayo daga Kwatano. Yaya mutum ne mai kirki, amma idan ransa ya ɓaci, to kowa ya kama gabansa. Ni ina da shekara ashirin da biyar, ina koyarwa a firamare, amma idan ya daka tsawa sai in nutsu kamar yaro. Da zai tafi Umara ya miƙo min makulli ya ce, "Ka riƙa tayar da ita da safe. Tayarwa na ce, ba fita ba."

Kwana uku na yi ina biyayya. Ranar Asabar akwai ɗaurin auren abokina a Kabuga, daga nan kuma ina so in wuce gidan su yarinyar da nake nema. Na ci ado, na shiga motar. Baba ya buɗe min ƙofar filin, ya dube ni, na fita.

A wajen ɗaurin auren na samu inuwar wata ceɗiya na ajiye ta, ina ta murna na yi dabara. Ashe matattarar balbelu ce. Da muka fito daga walima, inna lillahi, bonet, wato murfin injin, ya yi fari fat da kashi, inuwa ta gusa, rana ta gasa shi ya kama kamar siminti. Ta yaya zan je zance da wannan? Na shiga gidan abokina na karɓo bokiti da garin sabulu. Na goga da tsumma, ya ƙi fita. Sai na karɓo soson waya na wanke tukunya. Wallahi har yau idan na tuna sai in ji kamar in mari kaina. Na danna, na yi ta murzawa ina zagayawa, cikin rana tsaka. Da ruwa a jiki fes ta yi. Da ta bushe sai ga zane, da'ira kan da'ira, fari-fari, tun daga gilas har hancin motar.

Zancen da ban je ba ke nan. Na mayar da ita filin. Baba ya shafa wurin da yatsa, ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Ayya, Malam. Da ka kawo min. Jiƙa shi kawai ake yi, da kansa yake sauka." Kwana goman da suka rage kullum sai na tarar da shi yana bin bonet ɗin da folish, a hankali, ba wanda ya sa shi. Zanen ya ragu, amma da rana ta haska sai ya fito.

Yaya ya dawo, washegari muka tafi filin tare bayan sallar asuba da gaisuwar 'yan taya murna. Masu motoci uku suna nan suna jiran a gama musu. Yana ganin bonet ya tsaya cak.

"Wane ne ya yi min wannan?"

Ni ya kalla. Na ce, "Ni dai ban sani ba, Yaya. Baba ne yake wanke ta."

Ba irin maganar da Yaya bai faɗa wa dattijon nan ba, a gaban mutane, mutumin da a haife ya haife shi. Ya ce tsufa ya kama shi, ido ba ya gani, ya koma gona ya fi masa. Baba yana tsaye da tsumma a hannu, ruwa na ɗiga. Ya san wanda ya fita da motar, ya san ranar, ya san da abin da aka goge ta. Sau ɗaya ya ɗago ya dube ni. Sannan ya ce, "Alhaji, a yi haƙuri."

Kafin sati ya zagayo maganar ta gama majalisar ƙofar masallaci. Wannan ya ce shi ma ya lura da wani zane a ƙofar motarsa, wancan ya ce dama. Ɗaya bayan ɗaya suka koma wajen masu wanki da inji a bakin titi. Nakan wuce da safe in ga Baba zaune a kan benci, bokitansa a kife. Yakan gaishe ni kamar da, "Malam, an tashi lafiya?" Gaisuwar nan ta fi min zagi ciwo. Na canza hanya, na riƙa zagayawa ta bayan makarantar allo don kada mu haɗu. Kullum sai in ce gobe zan faɗa wa Yaya, idan ya huce, idan an yi wa motar fenti, idan an gama maganar aurena. Matsoraci ne ni, ba wani suna da zan ba abin.

Da ruwan farko ya sauka Baba ya ɗaure kayansa ya tafi. Aka ce noma ya je. Kaka ta yi, bai dawo ba.

Sai da na yi aure, har matata ta haihu, sannan na iya zama gaban Yaya na faɗa masa komai. Na zaci zai tashi da faɗa. Sai ya sunkuyar da kai ya ce, "Ka sa na zagi sa'an mahaifinmu a banza. Tashi mu je mu nemi gafararsa. Wane gari yake?"

Ban sani ba. Muka je wajen mai filin, ya ce yana jin ta wajen Gaya ne, ko Ringim, bai tabbata ba. Muka tambayi mai shayi, muka tambayi limami, muka bi masu motocin gida-gida. Shekara shida mutumin nan yana wanke mana motoci kowace safiya, kuma duk unguwar ba wanda ya taɓa tambayarsa sunan garinsu.