Dalhatu da Takobin Kyaftin

Ranar da Saje Gregory ya kawo takobin, marka ake yi tun asuba, irin ruwan tsakiyar damina da ba ya zuba da ƙarfi, ba ya kuma ɗaukewa. Hanyar unguwar Dogarawa ta zama taɓo, awaki sun raɓe jikin katanga, gawayin Dalhatu maƙeri ya sha sanyi yana ta hayaƙi ya ƙi kamawa. Shekarar 1975 ce, shekarar da aka yi wa ma'aikata ruwan kuɗi, kowa ya ruga kanti ya sayo abin da bai san amfaninsa ba.

Dalhatu a lokacin ya ba hamsin baya. Ƙira gadonsa ce. Mahaifinsa takubba yake ƙera wa fatake, zamanin da mai tafiya Ikko a ƙasa sai ya yi shirin gamuwa da 'yan fashi. Da jirgin ƙasa ya iso Zariya sai fatake suka rataye takubba suka yanki tikiti, tsohon ya koma ƙirar fartanya da lauje har ya rasu. Abin da ya bar wa ɗansa uwar maƙera ce da masaba, sai magana guda: ƙarfen da ya fita maƙera babu kaifi, zagin mai shi ya tafi yi. Dalhatu ya riƙe maganar nan fiye da yadda wasu ke riƙe sallah. Ko marfin tukunya ka kai masa gyara, sai ka kula da yatsunka in za ka karɓa. Buri ɗaya ya rage masa a duniya: kafin ya mutu ya ƙera takobi, ya gan shi rataye a ƙugun wani mutumin kirki, kamar yadda ubansa ya gani.

Saje Gregory kuwa tsohon soja ne, mutumin kudancin Zariya, ya yi ritaya bayan yaƙin basasa yana gadi a Samaru. Sun daɗe tare da Dalhatu, tun wata adda da ya taɓa gyara masa. Ya shigo maƙerar yana karkaɗe lema, ya kwance wani dogon abu daga cikin buhu.

"Sarkin Maƙeran da ba a naɗa ba, tashi, yau arzikinka ya zo da ƙafarsa."

"Saje, in garmar matarka ce, ajiye ta can."

Ba garma ba ce. Takobi ne fari sol, siriri, mariƙinsa da wani kwando na ƙarfe mai zane, da tuntu yana reto. Dalhatu ya goge hannu a riga kafin ya karɓa.

Saje ya yi bayani. 'Yar ƙaninsa, Keziya, malamar firamare a Samaru, za ta auri wani hafsa, Kyaftin Julius. Al'adar hafsoshi ce in ɗayansu ya yi aure, abokansa su tsaya sahu biyu a ƙofar coci, su ɗaga takubba su haɗa tsininsu sama kamar rumfa, ango da amarya su ratsa ta ƙarƙashi. Mutum shida za su tsaya, takubba biyar aka samu. An yi odar sababbi daga Ingila, amma jirgin da ya ɗauko su yana can bakin ruwa a Ikko, ya bi layi bayan jiragen siminti da ba a san ranar sauke su ba. Wannan na ango ne, an kawo ne don a kwaikwaya.

Dalhatu bai ji rabin bayanin ba, don ya riga ya ɗora babban yatsa a bakin takobin. Ya goga. Ya sake gogawa. Ya jawo gashin hannunsa ya gwada, ko ɗaya bai faɗi ba.

"Saje, an cuce ku. Turawan nan sun sayar muku da aikin da ba a gama ba."

"Haka ake yin sa."

"Wannan ko tuwon dawa ya kwana ba zai raba shi ba."

"Ai ba na yanka ba ne."

"To na mene ne?"

"Na girma ne. A da can Turawa da shi suke yaƙi. Da bindiga ta zo sai manya suka riƙe shi don nuna wa ƙanana inda za su je su mutu. Yanzu ko wannan ma an daina. A ɗaga shi a fareti, a sumbace shi, a mayar kube. Yaƙin nan da muka yi, ni ban ga wanda ya zare takobi ba. Addata ta fi shi ganin aiki."

"Wato mutum ya rataya abin da ya san ba ya yanka, jama'a ma sun san ba ya yanka, kuma a sara masa?"

"Ka gane aikin soja ke nan. Ka ji ni da kyau, Dalhatu: tsawo ɗaya, ƙyalli ɗaya, kaifi babu. In ka yi shi yadda na ce, hafsoshin da ke jiran jirgi duk nan za su zo."

Dalhatu ya ce to.

Washegari ya tafi wajen 'yan gwangwan a Sabon Gari ya zaɓo sifirin wata tsohuwar babbar mota roka, ya buga shi da farce ya saurari kukansa. Ya ajiye fartanyun mutane, a tsakiyar damina kuwa, manoma na zuwa suna zagi suna komawa. Ya miƙe ƙarfen, ya daddake shi, ya fitar da kwarmin tsakiya, ya ba shi ruwa yadda ya ga ubansa na yi. Kwandon mariƙin ne ya ba shi wuya, sai da ya lalata fitilar babur biyu kafin ya samu yadda yake so. Wani baduku a kasuwa ya ɗinka kube. Da ya goge shi da yashi da toka, ya jera su biyu a tabarma, ba ka cewa ga na Ingila ga na Dogarawa.

Daga nan ciwon ya fara. Sai ya zauna ya sa takobin a gaba, dutsen washi na gefe, ya dubi wannan ya dubi wancan. Matarsa Hafsatu ta kawo masa fura ta tarar da shi haka.

"Malam, tun ina amarya kake cika mana kunne da takubban Baba. Yau ga shi Allah ya ba ka naka, ka zauna kamar wanda aka yi wa rasuwa."

"Ba a gama ba."

"Mai abu ya ce haka yake so. In mutum ya ce a ɗinka masa riga ba wuya, kai ne za ka sa?"

"Ke ba ki san ƙarfe ba."

"Na san maƙeri dai. Wallahi ka taɓa dutsen nan, babu ruwana."

Ya ce ba zai taɓa ba. Tana juya baya ya ce bari dai ya ɗan share masa baki, don kada tsatsa ta samu wurin zama. Sharewa ta kai tsini. Da gefe guda ya yi, ɗayan ya zama abin kunya, sai ya bi shi. Kafin la'asar takobin na aske gashi.

Da a nan ya tsaya, da wataƙila labarin bai kai kunnen kowa ba. Amma sai idonsa ya faɗa kan na Kyaftin, kwance dakushe kusa da nasa, sai tausayi ya kama shi. Yaron kirki, zai yi aure, ya yarda da kai ya aiko da kayansa gidanka, ka mayar masa da shi haka? Ko mai sayar da gyaɗa yana gyara wa mai saye. Dalhatu ya jiƙa dutse ya yi wa Kyaftin Julius gyara. Ƙarfen Ingila ya yi gardama da fari, daga baya ya sallama, har Dalhatu ya yaba masa.

Da Saje ya zo karɓa, sauri yake yi. Ya zaro kowanne kamar taƙi guda daga kube, inda kaifi bai fara ba, ya ga ƙyalli, ya mayar, ya ce, "Kai, ashe kana jin magana!" Dalhatu ya dubi ƙasa.

Ranar biki, wata Asabar, Dalhatu ya sa babbar rigarsa ya hau bas zuwa Samaru. Ya tsaya gindin wani mangwaro daura da cocin. Da aka fito, hafsoshi shida suka zare takubba lokaci guda, rana ta haska su. Ya gane nasa, na biyu daga dama, a hannun wani dogon laftana. Keziya ta ratsa da farar riga tana murmushi. Hawaye ya zubo wa Dalhatu, ya ce a ransa, Baba, ga shi.

Da ya san abin da ya fi masa, da daga nan ya nemi bas. Sai ya bi jama'a zuwa zauren liyafa, ya samu taga ya leƙa.

A tsakiyar zauren, kan tebur, ga kek hawa uku, fari kamar ginin gwamnati. Madam Scholastica ce ta yi shi, mai gidan burodi a unguwar PZ. Abin da dangin ango ba su sani ba, Saje kuwa ya sani, shi ne hawan sama kaɗai ne kek. Fulawa ta yi wuya a shekarar, su kuma dangin amarya ba sa so a ce 'yarsu ta auri hafsa da kek hawa ɗaya. Saboda haka na ƙasa biyun kwali ne aka shafe da sukari. Madam ta saba yin haka, ba a taɓa kama ta ba, don takobin hafsa iyakarsa ya ɗan nutse a sama a tafa, a kwashe kek ɗin a kai ciki, a fito da 'yan yanka-yanka a faranti.

Mai gabatarwa ya riƙe lasifika ya ce wannan kek ƙwai kwando guda ya ci, ko duk mutanen ƙauyen Zabi aka gayyato sai sun ƙoshi. Madam ta matso kusa da ango ta raɗa masa, "Ranka ya daɗe, sukarina yana da tauri, takubbanku kuma na san su. Ka danna da ƙarfi."

Kyaftin ya ɗora takobi, Keziya ta ɗora hannu kan nasa, ya danna da ƙarfin soja.

Takobin ya ratsa hawan sama kamar ba komai, ya shige na biyu, ya shige na uku, ya tsaga zanen tebur, ya kafe a katako. Kek ya buɗe gida biyu. Ɓari guda ya kife, ga tambarin sabulun wanki ɓaro-ɓaro a cikinsa, tsofaffin jaridu da aka cusa suka zubo kan takalmin amarya.

 Sai aka ji murya daga taga:

"Madalla! Haka takobi yake!"

Kowa ya waiwaya. Wasu ɗaliban jami'a da ke baya su suka fara dariya, har wani ya faɗo daga benci. Uwar ango ta tashi ta ɗauki jarida guda da yatsa biyu, ta tambayi mutanenta ko wannan ne rabon dangin miji. Madam Scholastica ta nemi ƙofar baya. Saje kuwa taga kawai yake kallo, irin kallon da ya sa Dalhatu ya tuna yana da aiki a gida.

Auren dai bai mutu ba, don Keziya ce ta fara bin ɗaliban da dariya, angon ya bi ta. Amma da Litinin ta zo, Saje ya iso maƙera da buhunsa. Ya ajiye takobin Dalhatu a ƙasa.

"Wannan naka ne. Laftanan ya tsaga safar hannunsa wajen mayar da shi kube, saura kaɗan yatsa." Ya ajiye na biyu. "Wannan kuma Kyaftin zai shiga fareti da shi. Yadda ka same shi haka za ka mayar da shi, ina zaune."

"Saje, ni na ce a yi kek da kwali?"

"Kwalinmu da takobinmu shekara da shekaru suna zaman lafiya, ba wanda ya tona wa wani asiri, sai da ka shiga tsakani. Ɗauki magagari."

Dalhatu ya ɗauka. Waɗanda suka gani sun ce ko ranar da ya binne ubansa fuskarsa ba ta yi haka ba. Ya kwantar da bakin takobin ya bi shi da magagari, sannu a hankali, yana kashe abin da ya raya da hannunsa, har ya goga yatsa bai ji komai ba. Ya miƙa wa Saje ba tare da ya dube shi ba.

Saje ya ɗan sassauto. "Duk da haka, hafsa biyu sun yaba ƙirar. Jirgi bai sauke ba har yau. Sun ce in za ka yi musu dakusassu, su kawo aiki."

Hafsatu na bayan zana tana tari mai ma'ana. Dalhatu ya daɗe yana kallon uwar maƙera. Ga abin da ya jira tun yana saurayi ya zo har ƙofa, sau biyu ma.

"Ka kai su wurin masu ƙera bokiti," in ji shi.

Can kuwa aka kai su. Wani mai ƙera bokiti a bayan PZ ya karɓi aikin, yana yanka su daga fallen kwano yana shafa musu farin fenti. An ce in iska ta taso a filin fareti har lanƙwasa suke yi, amma ba a taɓa jin wanda ya ƙi sara musu ba. Mutumin har ya sayi babur.

Dalhatu ya koma kan fartanyun da ya ajiye, manoma suka yafe masa. Saje bai daina zuwa hira ba, sai dai ko reza ba ya bari a kusa da shi.

Yanzu Dalhatu yana nan Dogarawa, ido ya yi rauni, ya bar ɗaga masaba. Da hantsi yakan zauna ƙofar maƙera yana wasa wa matan unguwa wuƙaƙe. Takobin yana madafar Hafsatu, da shi take fasa kabewa.