Ramin Baba Injiniya

Da safen nan ya ba tumatirinsa ruwa, sannan ya sauka share raminsa kamar kullum. Na kai masa kunu, na tambaye shi ko yau ma kabarin ake gyarawa. Ya ci gaba da shararsa.

Baba Injiniya muke ce masa. Bature ne, ɗan ƙasar Cek. Ya yi soja a yaƙin duniya na biyu, daga baya ya gudo daga ƙasarsu, ya ƙare da gyaran tarakta a Gusau. Da ya tsufa ya dawo ƙauyenmu, gaba da 'Yandoto. Innata ke yi masa girki. Ramin a bayan gidansa ya haƙa shi, zurfinsa iya ƙirji, a karkace, har bakin rafi. Shekara goma gari na yi masa dariya. Ni na fi kowa.

Ranar kasuwar Tsafe ce, maza duk sun tafi. Ƙarfe sha ɗaya muka ji ƙara daga wajen garken shanu. Na ɗauka tayar mota ce ta fashe, ashe bindigar ɓarayin shanu ce. Shi kuwa ya fito a guje, ko sanda babu.

"Rami! Kowa rami! Kai ƙasa!"

Mata da yara muka afka ciki. Yana jan karan dawa yana rufe mu. Wata ta juya don akuyarta.

"Bar ta!"

Na miƙa masa hannu. Ya ture, ya ja damin ƙarshe a kaina.

Muka yi ta rarrafe. Sha ɗaya da rabi hayaƙin rumbuna ya cika ramin. Inna ta toshe bakin jaririn maƙwabciyarmu da gefen zane. Na ji baƙuwar murya tana tambayar ina mutanen gari. Na ji Baba ya amsa da yarensu, da ƙarfi, yaren da ban taɓa ji a bakinsa ba. Harbi biyu.

Muka ɓulla rafi, muka bi ruwa. Da azahar muka kai titi. Motar auduga ta kwashe mu zuwa Damba, gidan kawuna.

Bayan kwana uku muka koma. Mazan gari sun tarar da gawar Baba, sun rasa makabartar da za ta karɓe shi tunda ba Musulmi ba ne, sun turbuɗe shi a ramin nasa. A akwatinsa akwai wasiƙu da hoton wata mata. Aka miƙo mini, wai ni ce mai sakandare. Da yarensu aka rubuta, ko layi ɗaya ban iya karantawa ba.

Mu ashirin da shida muka shiga ramin, mu ashirin da shida muka fita. Ma'aikacin gwamnati da ya zo ya rubuta shanu, ya rubuta rumbuna. Da ya tambayi sunan mamacin, kowa ya dubi ƙasa, har ni. Baba Injiniya kawai muka sani.