Tausar da Ta Kashe Mijina, Ni Aka Zarga

A lokacin ni matar aure ce mai ɗiya biyu, ina sayar da shinkafa da miya kusa da gadar kan iyaka, inda direbobin kamiyo, manyan motocin kaya, ke jiran duwan, wato kwastan, ta sallame su. Mijina dillalin albasa ne, kullum yana bisa moto, wato babur, tsakanin garin Garou da kasuwa. Ƙaƙƙarfa ne, tun da na san shi ciwo bai taɓa kwantar da shi ba.

Wata rana da damina moto ya zame da shi cikin laka, buhu ya danne masa ƙwauri. Babu karaya, babu jini, sai ya kwanta gida yana jiran sauƙi. Maimakon sauƙi, ƙafar ta kumbura daga idon sawu har gwiwa, ta ɗauki zafi, fatar tana sheƙi. Na ce mu tafi asibiti. Yayansa ya ce targaɗe ne kawai, kuma ba a gidansu mace ke yanke maganar ciwon namiji ba. Ya ɗauko wani mai tausa daga Madécali, ana gasa ƙafar da ruwan zafi, ana murzawa da man shanu. Mijina yana cije baki, yana ce mini kada in damu. Na yi shiru. Ni ce ma nake dafa musu ruwan.

Ranar da abin ya faru, da hantsi ne, mai tausar bai jima da fita ba. Mijina ya yunƙura zai tashi, sai ya dafe ƙirji, numfashi ya gagare shi, ya yi tari da jini. Muka kai shi asibiti, amma kafin la'asar ya cika.

Lokotoron da ta karɓe shi, wato likitar, ta zaunar da ni ta yi mini bayani. Ta ce cikin jijiyar jini akwai wata shimfiɗa mai santsi ta ƙananan ƙwayoyin halitta, ita ke sa jini ya wuce bai tsaya ba. Idan jijiya ta bugu, ƙwayoyin sukan fara mutuwa, kuma suna mutuwa sai su zama kamar danƙo, jini ya riƙa liƙewa har ya yi guda. Doguwar kwanciya tana ƙara masa girma. Ta ce a ganinta murzar ce ta ɓalle gudan, ya bi jini ya toshe huhu, kuma da an zo tun farkon kumburin akwai maganin da ake bayarwa.

Ina cikin takaba magana ta fara yawo, wai targaɗe ba ya kisa, a binciki abin da nake zuba masa a miya. Uwar mijina ta daina cin abincin hannuna. Na maimaita wa yayansa bayanin lokotoro, ya ce shi a wuyan rago ya san jini na daskarewa, ba a jikin mai rai ba. Mai tausar kuwa ya zo gaisuwa, aka shimfiɗa masa tabarma a gaba, har yau yana sana'arsa. Da na koma bakin gada, mutanen unguwa suka ƙaurace wa tukunyata, sai baƙin da ba su san ni ba.

Na yarda kwana ne ya ƙare, amma ba zan ce na yafe ba, ina dai roƙon Allah ya sanyaya mini zuciya. 'Yan uwa, idan ƙafa ɗaya ta kumbura ta yi zafi, musamman bayan buguwa ko doguwar kwanciya, kada ku bari a murza ta, ku kai mutum asibiti. Ke kuma 'yar uwata, ko surukai za su ce ba ki da kunya, ɗaga murya. Ni na yi shiru don a ce ina da ladabi, na rasa mijin, kuma mayya suka kira ni.