Sunan Anti a Ƙarƙashin Bidiyo

Shekara tara ta yi tana koyar da 'yan aji ɗaya a wata ƙaramar makarantar kuɗi, kuma a shekarun nan tara ba wanda ya kira ta da sunanta na yanka. Yara Anti suke ce mata, iyayensu ma Anti, har mai gadi. Ita ce mai share majina da ɗaure igiyar takalmi, ita ta san wanda ke kuka in an zaunar da shi kusa da taga. Jakarta kullum da wandon yara biyu na ko-ta-kwana.

Wata ranar Laraba da aka tashi, wani yaro ɗan shekara huɗu ya kufce daga layi ya nufi bayan wata mota da ke ja da baya. Anti ta yi tsalle ta cafko wuyan rigarsa, ta fizgo shi har ƙafafunsa suka bar ƙasa, ta daka masa tsawa, ta ɗaɗa masa duka ɗaya a ɗuwawu. Wata mata da ke jiran ɗanta ta ɗauka a waya. Daƙiƙa goma sha ɗaya ne bidiyon, kuma motar ba ta fito a ciki ba. Fizgar ta fito, tsawar ta fito, dukan ma ya fito ras. Aka sa shi a intanet da rubutu a sama: ku ga yadda ake yi wa 'ya'yanku.

Mai makarantar ya kira ta ofis, ya ce ta je gida har ƙura ta lafa. Bai sake kiranta ba.

Ta koma zama da mahaifinta, wanda ya yi ritaya daga gidan waya bayan shekara talatin yana buga hatimi yana rubuta wa mutane wasiƙa. Baba mutum ne da ya yarda da rubutu fiye da kima. A wurinsa, in aka zalunce ka sai ka zauna ka rubuta, ka sa cikakken sunanka da kwanan wata, gaskiya za ta yi halinta.

Ƙanwarta mai aiki a shagon sayar da waya ita ta zama malamarta. "Yaya, abu ɗaya zan gaya miki. Kada ki buɗe shi, kada ki karanta abin da suke rubutawa, kada ki amsa. Duk amsa ɗaya rai take ƙara masa. Ki bar shi ya mutu don kansa. Tunda babu sunanki a kai, wata biyu ya yi yawa an manta."

Anti ta bi wannan shawara sau da ƙafa. Ta goge tsofaffin hotunanta na biki, har wanda ta fi so, don an ce bakinta a buɗe yake da yawa. Ta buɗe sabon shafi don masu ɗaukar aiki su gani in sun nemi sunanta, ta sa hotonta da tabaran da ba na magani ba. Kowace safiya takan yanka kwali ta zana harufa da dabbobi, ta jera su a kan gado inda haske ya fi kyau, ta ɗauka ta sa. Mutum bakwai ke nuna sun gani, huɗu daga ciki 'yan gidansu ne.

Wata takwas tana kai takardar neman aiki. Sau biyar aka kira ta ganawa, sau biyar aka rabu da ita da fara'a da "za mu neme ki". Ta rame har agogon hannunta ya koma yawo. Abin da ya fi ci mata rai shi ne ba ta san inda take faɗuwa ba, ta zargi muryarta, ta zargi takalminta.

A makaranta ta shida aka ba ta aji ta gwada. Minti ashirin, yaran da ba su taɓa ganinta ba suka manne mata, wata ƙarama har ta hau cinyarta. Shugabar makarantar, dattijuwa mai magana a hankali, ta kai ta ofis ta rufe ƙofa.

"Malama, kin iya aikin nan, ba sai an gaya mini ba. Amma zo ki gani."

Ta juyo da kwamfutarta, ta rubuta cikakken sunan Anti. Abu na farko da ya fito bidiyon ne. Kwalayen harufa ko alamarsu babu.

"Ai babu sunana a kai," in ji Anti.

Shugabar ta gangara ƙasa, inda mutane ke rubuta ra'ayinsu. Can ga wani dogon rubutu mai sallama a farko da kwanan wata a ƙarshe. Wannan 'yata ce ta cikina, sunanta kaza 'yar kaza, ta yi karatu a wuri kaza, ta koyar shekara tara ba a taɓa kawo ƙararta ba, yaron nan ma daga mota ta cece shi. A ƙarƙashinsa zagi, a ƙarƙashin kowane zagi amsa cikin ladabi, kowace da sunan Anti cikakke. Amsa ɗari biyu da goma sha uku. Ta ƙarshe da safiyar ranar aka rubuta ta, lokacin da Anti ke goge mayafinta.

"Ni na yarda akwai mota," in ji shugabar. "Amma iyaye za su rubuta sunanki kamar yadda na rubuta. Ki yi haƙuri."

Ba wanda ya taɓa tunanin yi wa Baba gargaɗi, don kowa ya ɗauka kira kawai ya iya da waya.

Ta same shi a baranda da la'asar, tabarau a kan karan hanci, littafi a cinya. A littafin yake fara rubuta amsa da biro, ya gyara, sannan ya kwafe a waya da yatsa ɗaya. Ta taho da niyyar yin faɗa, da ta ga littafin ya kusa cika sai ta zauna a ƙasa kusa da shi.

"Baba, don Allah ka daina amsa musu."

"In na yi shiru ai sai su ce gaskiya ne, uwata."

Ta yi masa bayani sau biyu, a hankali, kamar yadda take yi wa 'yan aji ɗaya. Ta ga lokacin da maganar ta shige shi. Ya cire tabaran, ya daɗe yana kallon littafin.

"Ni ne ke nan?" ya ce. "Duk wata takwas ɗin nan, ni ne?"

Ta nuna masa yadda ake gogewa. Ya ƙi ta taya shi, ya ce shi ya rubuta, shi zai goge. Ɗaya bayan ɗaya ya bi su da yatsan nan nasa, har rana ta sauka daga kan katanga. Da ya gama ya miƙo mata wayar da hannu biyu.

"Duba mini. Ya fita?"

Ta rubuta sunanta. Tuni wasu shafuka uku sun kwafi bidiyon, sun ɗora sunan a samansa da manyan harufa, har da makarantar da ta yi karatu, daidai yadda Baba ya rubuta ba kuskure ko ɗaya. Ta ɗago ta ga idanunsa a kanta.

"Ya fita, Baba," ta ce, ta kife wayar a cinyarta.